Yadda ake gano tsagaggiyar robar kafireta a babban babur, a nemo sabuwa, a sauya ta

Babur ɗina Honda ST1100 ne, ɗan Kwatano, irin wanda Turawa ke kira Pan European. Shekara biyu da suka wuce ya tsiro da wani hali da ya hana ni sukuni. Da safe ba ya tashi sai an ja masa cok, kuma da zarar na mayar da cok ɗin sai ya mutu. Idan ya ɗauki zafi na tsaya a danja, allurar inji ta maƙale a sama ta ƙi saukowa, can kuma ta faɗo gaba ɗaya kamar zai mace. A hanyar Zariya kuwa, duk lokacin da na saki totur sai salansa ta kama tas-tas kamar ana soya gugguru. Sau biyu wani bakanike ya buɗe min kafireta ya wanke, ya murza sukurorin saiti, shan mai ya ƙaru, ciwon yana nan. Ranar da na zauna da kaina na zura yatsa ƙarƙashin kafiretar baya ta hagu, sai na ji robar da ke haɗa ta da kan inji ta sandare kamar busasshen ƙiri, da wata tsaga a gindinta wadda farcena ya shige.

Abin da nake so mai babur ya riƙe shi ne wannan: a tsohon babur mai kafireta, kafin kowa ya taɓa jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireta, ko sukurun saiti, a fara duba robar nan. An ƙera ST1100 daga 1990 zuwa 2002, don haka mafi ƙuruciya a cikinsu ya haura shekara 20. Haka Gold Wing GL1500 na 1988 zuwa 2000, da Kawasaki Voyager XII, da Yamaha Venture. Ƙarfe yana jure wannan shekarun, roba ba ta jurewa, ballantana robar da ke zaune a tsakiyar zafin inji, a ƙasar da rana kaɗai ta isa ta gasa ta.

Me ya sa 'yar tsaga ke rikita inji haka

Inji yana zuƙar iska ta akwatin tace iska, iskar ta ratsa kafireta ta ɗauki fetur daidai gwargwado, wajen kashi 14 zuwa 15 na iska ga kashi 1 na fetur idan aka auna da nauyi, sannan ta bi ta cikin robar nan ta shiga silinda. Robar tana bayan kafireta ne, wato duk iskar da ta sato hanya ta tsagar ba ta ɗauko fetur ba. Haɗin sai ya tsinke, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. A silo ne, wato inji na juyawa ba a taɓa totur ba, da lokacin da aka saki totur abin ya fi tsanani, domin a lokacin ƙofar kafireta kusan a rufe take, zuƙar da inji ke yi ta fi ƙarfi, sai ya ja iska ta duk kafar da ya samu. Idan ka buɗe totur sosai a kan titi, iskar tsagar ba ta kai ta kawo ba a cikin yawan da ke shiga, shi ya sa babur zai yi ta gudu lafiya lau a babbar hanya ya yaudare ka.

Yaudarar ce ke da haɗari. Silindar da mai ya yi mata kaɗan tana ƙonewa da zafi fiye da ƙa'ida, kuma a doguwar tafiya wannan zafin yana cin bawul ɗin salansa, wani lokaci har ya huda kan fistan. Ga kuma abin da ya fi damun mu nan arewa: iskar tsagar ba ta bi ta matata ba. Duk ƙurar hunturu da kake ratsawa tsakanin Kano da Damagaram tana shiga silinda kai tsaye tana goge ringi kamar sanfefa.

Tabbatar da cewa laifin roba ne

Fara da fulogi: ST1100 silinda huɗu gare shi, kowace da fulogi da kafireta da robarta. Kwance dukkan huɗun ka jera su a kan tsumma yadda suke a jikin inji, kada ka cakuɗa su. Lafiyayyen fulogi bakinsa ruwan ƙasa ne kamar gasasshen burodi. Idan uku sun yi haka, ɗaya ya fito fari fat kamar alli, to ga silindar da za ka sa wa ido. Idan dukkansu baƙi ne, mai yiwuwa wani ya riga ya ƙara musu mai don ya rufe ciwon, kamar yadda aka yi wa nawa.

Sai ido da yatsa. Cire murafen gefe, ka haska tocila, ka danna kowace roba. Mai lafiya tana lotsawa kaɗan ta dawo. Wadda ta mutu ba ta motsi ko kaɗan. Amma ka lura, ba kowace tsaga da ka gani a waje ce ta huda ciki ba. Robobin Yamaha musamman sukan yi zane-zane a fatar waje alhali ciki ƙalau. Haka nan roba tana iya zama ba tsaga ko ɗaya amma tana yoyo, saboda ta sandare ta daina rungumar wuyan kafireta, kome ɗaurin da aka yi wa kilif, zoben ƙarfen da ke matse ta.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na feshi. Tayar da babur a fili, ba a cikin shago ba, ka bar shi ya ɗumi har ya tsaya a silo ba cok. Ɗauki feshin wanke kafireta mai siririn tsinke a baki, ka ɗan fesa kaɗan a gindin roba ɗaya, ka saurara. Idan ƙarar inji ta canza, ko ta hau ko ta sauka, inji ya zuƙi feshin ta wurin, ka kama ɓarawo. Jira ya bushe kafin ka koma ta gaba, don kada ka ɗora laifin wata a kan wata. Wannan feshin yana kama wuta, saboda haka abin kashe gobara ya kasance kusa da ƙafarka, kada ka fesa wajen salansa ko wayar fulogi, kuma kada wani ya tsaya maka da taba a hannu. Wanda bai yarda da hannunsa ba ya yi amfani da ruwa a kwalbar feshi, irin ta masu aski. Ruwa yana toshe tsagar na ɗan lokaci ko ya sa inji ya yi tuntuɓe, kunne mai kyau zai ji.

Kafin ka yanke hukunci, bi ƙananan tiyo na iska da ke fitowa daga wajen robobin, da 'yan hulunan roba da ke rufe bakin da ake auna saiti. Su ma suna tsagewa, alamominsu iri ɗaya ne, kuma gyaransu na minti biyar ne. A ST1100 akwai wani bawul da zuƙar inji ke buɗewa don mai ya wuce zuwa kafireta, fatar cikinsa kan yage ta kawo irin wannan rikici. Duba shi ma.

Neman sabuwa

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, ya ma fi sauyawar kanta. Kada ka sauke kome sai sababbin robobi suna hannunka, in ba haka ba babur zai yi wata biyu a buɗe ƙura na shiga.

Da farko san ainihin babur ɗinka. Kada ka dogara da abin da dillali ya faɗa maka ko abin da aka rubuta a takardar kwastam. Duba lambar da aka buga a wuyan firam, wajen da kan babur ke juyawa. Idan mai harafi 17 ce, na goma a jere yakan nuna shekara: L 1990 ce, M 1991, N 1992, P 1993, R 1994, S 1995, T 1996, V 1997, W 1998, X 1999, Y 2000, daga nan sai 1 da 2 na 2001 da 2002. Wasu tsofaffin da aka sayar a Turai lambarsu gajeriya ce, a ST1100 tana farawa da SC26. Rubuta ta duka a takarda. Duba kuma lambar inji, domin baburan da ke shigo mana ba kasafai ake rasa wanda aka yi wa dashen wani inji ba, kuma roba inji take bi, ba firam ba.

Sai sunan da kamfani ke kiran abin, don idan ba ka san shi ba za ka wuni kana lalube a intanet. A kundin kayan Honda sunanta insulator, domin banda haɗawa tana hana zafin inji da girgizarsa isa ga kafireta. Yamaha na kiranta joint, Kawasaki holder, Suzuki kuma intake pipe. Shafuka irin su CMSNL na ƙasar Holan da Partzilla na Amurka suna da zanen kowane sashe na babur a warwatse, kowane abu da lambarsa. Zaɓi shekara da ƙirar naka, buɗe zanen kafireta ko na kan inji, ka kwafe lambar. Lambar Honda kashi uku ce: biyar na farko suna faɗin irin kayan, robar kafireta galibi 16211 ce, uku na tsakiya suna nuna babur ɗin da aka fara yin ta dominsa, kamar MT3 na ST1100 ko MN5 na GL1500, na ƙarshe kuma suna nuna sauyin da aka yi mata. Da lambar nan a hannu, ba ka bukatar doguwar magana da kowa. Lura ko huɗun lamba ɗaya ce ko kowace da tata, domin a babura masu silinda huɗu a jere sau da yawa na gefe sun bambanta da na tsakiya.

A ra'ayina, idan ta kamfanin tana samuwa, ita za ka saya, ko da kuɗinta ya ninka. Idan an daina yin ta, akwai masu sayar da ragowar tsofaffin kayan Honda irin su David Silver Spares a Ingila, akwai kuma na Tourmax da ake yi a Japan, waɗanda masu tsofaffin babura suka daɗe suna amfani da su. Abin da ba na so shi ne marasa suna masu arhar banza. Wasu daga cikinsu suna kumbura idan fetur ya taɓa su, wasu su tsage kafin shekara ta zagayo, kuma aikin sauke kafiretar injin V4 irin na ST1100, mai silinda huɗu a siffar V, ba abin da mutum zai so ya maimaita ba ne don ya tsimi 'yan kuɗi kaɗan. Robobi huɗu ba su cika aljihun jaka ba, idan kana da ɗan'uwa mai dawowa daga waje, a aika masa su gida ya taho maka da su.

A gida kuwa, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas da kasuwar Nnewi duk wuraren tambaya ne, amma abin da za ka fi samu na babban babur shi ne wanda aka ciro daga wani injin gwanjo. Wannan sa'ar taka ce a shekaru, ciwon da ya kama taka yana hanyarsa zuwa gare ta. Idan dole ta sa, matse ta da yatsu biyu: in ba ta lotsa ba, bar musu kayansu. Lanƙwasa ta a rana ka duba ciki. Je da ma'aunin baniya, mai baki biyu da ke auna milimita, ka auna faɗin baki biyun da tsawo, domin bambancin milimita biyu ya isa ya hana ta zama. Kada kuma ka yarda a ce maka a yanko tiyon lagireto a sa. Ba a yi shi don fetur ba, ba shi da ɗan tudun ciki da ke kama wuyan kafireta, kuma yakan shaƙe idan inji ya zuƙa.

Sauya huɗun gaba ɗaya, ko da ɗaya ce ta tsage. Sabuwa mai laushi da tsofaffi uku masu tauri ba sa zama daidai. A odar da za ka yi, haɗa da kilif idan naka sun yi tsatsa, da hulunan bakin saiti, sannan ga mai ST1100, tiyo biyu na ruwan inji da zoben robarsu da ke kwance a ƙarƙashin kafireta. Zan dawo kan wannan.

Akwai dabarar tausasa tsohuwar roba da man wintergreen, sinadarin nan da ke ba man zafi ƙamshinsa, a gauraya shi da sifirit a jiƙa ta kwana ɗaya ko biyu. Tana yin laushi, gaskiya ne, amma ba ta ɗinke tsaga, kuma taurin yana dawowa. Idan kuma a hanya abin ya same ka, wanke wurin, ka naɗe shi tam da yankin robar cikin tayar keke, zai kai ka gida. Kada ka ɗura sufa gulu, yana ƙara mata tauri ne ta ƙarasa fashewa.

Saukewa

Zaɓi safiya, inji a sanyaye, babur a kan tsayuwar tsakiya, a wuri mai siminti da inuwa, ba inda iska ke kwaso yashi ba. Tanadi sukundireba doguwa, ƙananan soket na 8 da 10, filaya mai dogon baki, tsummoki masu tsabta guda huɗu, sanda ta katako kamar ƙotar tsintsiyar bature, na'urar busar da gashi, ruwan sabulu, da 'yan kwanoni na zuba sukurori.

Magana ɗaya kan sukundireba. Sukurorin baburan Japan masu kan giciye ba irin na Phillips ba ne, nasu ma'aunin ana kiransa JIS, kuma da yawansu za ka ga ɗan ɗigo a gefen giciyen. Sukundireba ta kasuwa tana zamewa daga cikinsu ta cinye kan. Idan ba ka samu ta JIS ba, ɗauki mai kyau ka ɗan goge tsininta da zarto kaɗan don ta zauna sosai, ka danna da ƙarfi kafin ka murɗa.

Cire kujera, ka cire wayar batir ta baƙi tukuna. A ST1100 tankin mai, mai cin lita 28, yana ƙarƙashin kujera ne, abin da ke gabanka mai kama da tanki murfi ne kawai. Cire shi da murafen gefe da aljihunan gaba. Kowane rukunin sukuru da kwanonsa. Tun daga nan fara ɗaukar hoto da waya, kowane mataki, musamman yadda tiyo da wayoyi suka bi. Buɗe akwatin iska, ciro matata, kwance gindin akwatin. Ga kafiretoci huɗu nan a haɗe, bakinsu na kallon sama.

Sa gwangwani a ƙarƙashin tiyon zubarwa, ka sassauta sukurun gindin kowace kafireta man ciki ya tsiyaye. Zare tiyon mai ka toshe bakinsa. Cire wayar cok. Wayoyin totur biyu ne, mai ja da mai mayarwa, ɗaura wa ɗaya ɗan zare don ka gane ta, kuma sau da yawa ya fi sauƙi a ƙarasa cire su bayan kafiretocin sun ɗago. Saki ɗan maɓallin saita silo daga maƙalinsa.

Kowace roba kilif biyu gare ta, na sama mai riƙe kafireta, na ƙasa mai riƙe kan inji. Kafin ka taɓa su, ɗauki hoton inda kan kowane sukuru yake kallo. Wannan hoton zai cece ka, domin idan ka mayar da kilif a juye, ko sukundireba ta kasa kai masa, ko ya tokare sandar totur. Zura doguwar sukundireba ta gefe ka sassauta na sama huɗun sosai, amma kada sukurun ya fita.

Yanzu ga wurin da ake ɓarna. Kafiretocin ba za su fito ba, za ka rantse an yi musu walda. Kada ka kawo ƙarfen taya. Kunna na'urar busar da gashi ka gasa robobin ɗaya bayan ɗaya har sai sun yi zafin da yatsa ke iya jurewa da ƙyar, ka fesa ruwan sabulu a bakinsu. Sa sandar katako ƙarƙashin kaurin ƙarfen da ya haɗa kafiretocin, ka jingina ta da firam da tsumma a tsakani, ka ɗaga gefe ɗaya a hankali. Kada sandar ta taɓa kofin mai na gindin kafireta, ko sandunan totur, ko siraran bututun da ke tsakaninsu. Ɗaga dama kaɗan, koma hagu, sake gasawa, sake ɗagawa. Nawa sai da na yi kusan rabin awa a haka kafin na ji fat, gefe ɗaya ya saki. Tunda sababbi suna hannunka, idan wata ta ƙi, tsaga ta da reza a tsaye, amma kada wuƙar ta karci ƙarfen.

Da zarar sun fito, kafin ka sha ruwa, kafin ka amsa waya, cusa tsumma a kowane rami huɗu. Ramukan nan sama suke kallo, kuma duk abin da ya faɗa ciki, washa ko ɗan sukuru ko tsakuwa, a kan bawul zai sauka. Ƙidaya tsummokin da baki, huɗu, don ka ƙidaya huɗu lokacin fitarwa. Kafiretocin kuma ajiye su a tsaye a kan kwali, kada ka raba su da juna.

Sassauta kilif na ƙasa, gasa, murɗa, zare tsofaffin robobin. Goge wuyan ƙarfen da tsumma mai ɗan fetur har ya yi sumul. Idan akwai farin gari na tsatsar alminiyam, goge shi da sanfefa mai laushi ƙwarai, tsumman na cikin ramin, sannan ka share garin kafin ka motsa tsumman.

Idan naka irin wanda ake ɗaure robar da sukurori ne a jikin kan inji, kamar tsofaffin Suzuki GS, akwai zoben roba a bayanta wanda kan baje ya zama kamar waya, kuma sau da yawa shi ne mai yoyon. Sukurorin nan sukan ƙage, sai da sukundireba ta duka, wadda ake bugawa da guduma. Idan sun fito, musanya su da masu kan alanki, ka sa sabon zobe da ɗan giris kaɗan don ya zauna a raminsa.

Mai ST1100, ɗaga shimfiɗar robar da ke ƙarƙashin kafireta ka leƙa kwarin da ke tsakanin kawunan inji. Akwai tiyo na ruwa da gwiwoyin ƙarfe biyu da ke shiga kan inji. Idan ka ga busasshen kore ko fari a wurin, suna yoyo. Ko ba ka gani ba, shekarunsu ɗaya da robar da ka cire, kuma babu hanyar kai musu hannu sai an sauke kafireta. Zubar da ruwan lagireto ka sauya su yanzu. Tiyon nan idan ya fashe tsakanin Tafa da Kaduna, ba bakaniken bakin hanya da zai iya kai masa.

Mayarwa

Jiƙa sababbin robobin a ruwan zafi na minti goma. Duba jikinsu: a na Honda yawanci akwai rubutun CARB a gefen da ke kallon kafireta, da wata 'yar tsaga a gindi da ke shiga ɗan tudu a jikin kan inji. Wannan tudun shi ke ba robar kusurwarta, idan ka kauce masa kafireta ba za ta taɓa zama ba. Zura kilif biyu a kowace tun kafin ka ɗora ta, kawunan sukuru suna kallon inda hotonka ya nuna. Danna ta har ka ji tudun cikinta ya faɗa raminsa. Ɗaure na ƙasa kaɗan, bar na sama a sake sosai.

Fitar da tsummoki. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Haska tocila a kowane rami.

Maƙala wayoyin totur tun kafiretocin suna sama, ya fi sauƙi. Shafa ruwan sabulu ko feshin silikon a cikin bakin robobin. Kada ka sa man inji ko giris na mota a nan, santsinsu ba ya tafiya, wata rana inji ya yi atishawa ya tofo kafiretar waje. Gam ma ba shi da wuri a nan, sabuwar roba ita ce gam ɗin kanta.

Da yake injin V ne, bakunan huɗu ba sa kallon waje ɗaya, don haka ba sa shiga lokaci guda. Zaunar da biyu na gefe ɗaya tukuna har su shige sosai, ka ɗan kama kilif ɗinsu. Biyu na ɗaya gefen za su hau kan leɓen roba su tsaya. Nan kake bukatar mutum na biyu: shi ya ɗora tafin hannu a kan kaurin ƙarfen ya danna da nauyin jikinsa, ko ya ɗora guntun katako ya danna, kai kuma ka bi leɓen robar da wani abu marar kaifi, kamar ƙotar cokali, kana buɗa shi yana hawa wuyan kafireta. Za ku ji ƙarar shigarta. Ba a bugawa da guduma. Idan robar ta huce ta fara gardama, sake gasa ta.

Bi kowace da tocila da ɗan madubi, zagaye ɗaya cif, ka tabbata leɓen bai naɗe ciki ba, kuma wuyan ya shige har ƙarshe. Sannan ɗaure kilif takwas ɗin. Ɗauri na hankali ake yi, har robar ta ɗan taso a gefen kilif, ka tsaya. Wanda ya ɗaure har bakin kilif biyu suka haɗe da ƙarfi, shi ya fara yanka sabuwar robarsa da hannunsa. Murɗa totur ka saki, kan babur a miƙe, sannan a karye dama, sannan hagu. Dole ya koma da kansa da ƙara kowane lokaci. Idan ya maƙale ko sau ɗaya, kada ka tayar da inji sai ka gano abin da ya riƙe shi.

Mayar da tiyon mai, wayar cok, ƙananan tiyo, akwatin iska da matata. Haɗa batir. Inji zai ɗan jima yana juyawa kafin ya kama, domin kofunan mai babu kome a ciki. Idan ya tashi, sunkuya ka duba ko mai ko ruwa na ɗiga kafin ka mayar da ko murfi ɗaya.

Saiti

Idan ya ɗumi, maimaita gwajin feshi a kan huɗun. Ƙarar inji ba za ta motsa ba idan aikin ya yi. Silo zai canza daga yadda ka saba, saita shi da maɓallinsa, a ST1100 tsakanin juyi 1,000 da 1,200 a minti, gwargwadon ƙasar da aka ƙera shi dominta. Idan an taɓa murza sukurorin haɗin mai don rufe ciwon, yanzu babur zai riƙa warin ɗanyen fetur yana baƙanta fulogi. Murɗa kowane ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙasa, taɓawa kawai ba ɗauri ba, domin tsininsa siriri ne yana karyewa, sannan ka fito da shi adadin da littafin gyaran ƙirarka ya faɗa.

Abu na ƙarshe shi ne daidaita kafiretocin huɗu su riƙa zuƙa daidai da juna, domin duk wanda ya yi saitin baya ya yi shi ne a kan roba mai yoyo. Agogo huɗu na auna zuƙa ake sawa a bakunan saiti. Idan babu, farin tiyon nan da magina ke auna lebur da shi yana yi: mita huɗu ko biyar, a lanƙwasa shi biyu a ɗaure a jikin katako a tsaye, a zuba man giya mai launi har ya hau kamu uku a kowane gefe, a haɗa baki biyun da silinda biyu. Gefen da man ya hau shi ya fi zuƙa. Kafireta ɗaya ba ta da sukurun daidaitawa, ita ce uwa, sauran ukun da ita ake gwada su ɗaya bayan ɗaya. Murza kaɗan-kaɗan, ka ɗan taɓa totur, ka jira man ya natsu kafin ka sake murzawa. Sa fanka a gaban lagireto muddin kana wannan aikin, kuma yatsanka na kusa da makashin inji, don idan man ya ruga sama gefe ɗaya ka kashe kafin inji ya shanye shi.

Hau shi kwana biyu ko uku a cikin gari kafin ka ɗauki doguwar hanya. Sabuwar roba tana ɗan kwantawa bayan ta sha zafi ta huce sau da yawa, don haka bayan kamar kilomita 200 cire murafen gefe, zura doguwar sukundireba, ka ƙara wa kowane kilif rubu'in zagaye idan ya karɓa, sannan ka kwance fulogi huɗun ka sake jera su a kan tsumma ka duba launinsu.